Makarantar Komai-Daidai

An taɓa yin wani mutum, ya 'yan uwa, wanda aka ɗora wa shugabancin wata makarantar sakandare ta gwamnati. Mutum ne mai tsabta, takalminsa kullum a goge, rigarsa ba ta san yamutsa ba. Ba ɓarawo ba ne, ban taɓa jin an ce ko alli ya ɗauka ya kai gida ba. Ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata, kuma salla ba ta wuce shi. Na ga wasunku sun fara sakin jiki, suna cewa to ai wannan mutumin kirki ne. Ku dakata tukuna.

Ciwonsa guda ɗaya ne: ba ya ƙaunar a ce ya gaza. Yabo yake so, kuma yana son sa fiye da abincinsa. Duk lokacin da na sama da shi suka tambaye shi yaya makaranta, amsarsa ɗaya ce, “Komai daidai, ranka ya daɗe.” Ya faɗa, ya maimaita, har malamai suka laƙaba masa suna Komai-Daidai. A bayan idonsa suke kiransa haka, don ba wanda ya isa ya faɗa a gabansa.

To amma komai ba daidai yake ba. Makarantar dogayen gine-gine biyu ce masu fuskantar juna, da baranda, da fili a tsakiya, ga titi ta bayan katanga. Yara sun cika ta maƙil, benci ɗaya ya ɗauki waɗanda ya fi ƙarfinsa, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Malamai kuwa kullum raguwa suke yi. Malamin lissafi ya yi ritaya. Malamar kimiyya ta bi mijinta wani gari. Mai ba yara shawara, wanda yaro ke zuwa wurinsa idan abin duniya ya dame shi, Allah ya yi masa rasuwa. Nas ɗin da ke ɗakin shan magani ta samu aiki a asibiti, ta ajiye makulli ta yi gaba. Duk waɗannan ba wanda aka maye gurbinsa.

Me ya hana? Ofishin da ke rarraba malamai ba shi da su da yawa, saboda haka wanda ya fi kuka shi ake fara ba. Sauran shugabannin makarantu sukan je su zauna a bakin ofishin, su yi ta naci, su ce ba mu da kaza, ba mu da kaza, har a gaji da ganinsu a ba su mutum ɗaya ko biyu. Shi kuwa namu, in ya ga irin wannan, sai ya taɓe baki ya ce raggaye ne. A taro ana nuna shi ana cewa a yi koyi da shi, ga mutumin da bai taɓa kawo ƙorafi ba. Ya dawo gida yana ba matarsa labari, kansa ya yi girma.

Yana da mataimaki, wani dattijo mai sanyin murya, wanda shi ke haɗa jadawalin darussa, don haka shi ya fi kowa sanin girman ramin. Wata rana ya same shi a ofis ya ce, “Ranka ya daɗe, bargon nan ya yi mana kaɗan. In na rufe kai ƙafa ta fito. Azuzuwa da yawa suna wuni ba wanda ya leƙa su. Ka je ka faɗa musu ba mu da mutane.”

Shugaba ya ɗago kai ya dube shi. Yana da wani kallo da duk makarantar ta sani, yakan ƙanƙance ido ɗaya ya karkace baki, kuma wanda aka yi wa shi ya san ya yi shiru.

Ya ce, “Malam, in ka gaji ne ka faɗa mini. Ni ban iya roƙo ba.”

Kalma nawa ake nema daga bakinsa, ya 'yan uwa? “Ba mu da su.” Shi ke nan. Harshensa lafiya lau, yana iya jawabi mai tsawo a gaban yara har su gaji da tsayuwa, amma wannan 'yar maganar ta gagare shi. Da wani matashin malami ya kasa haƙuri ya faɗa wa iyayen yara gaskiya, bai daɗe ba aka mayar da shi wata makaranta can nesa, inda mota ba ta zuwa sai an yi sa'a. Daga nan kowa ya kama bakinsa.

Sai dai ajin da ba malami ba ya ɓoyuwa, hayaniyarsa har titi. Nan Komai-Daidai ya ƙirƙiro dabara. Ya tara monitocin azuzuwa ya ce, daga yau duk ajin da ba malami, yara su zauna su fuskanci allo, su riƙa maimaita tsohon darasi da murya ɗaya. Lokaci-lokaci su yi shiru kamar ana yi musu bayani, sannan su amsa gaba ɗaya, “Mun gane, malam.” Ba mai fita, ba mai juyawa, ba mai katse karatu ko me ya faru. Ajin da ya karya wannan doka, tun daga monita har na benci na ƙarshe za su sha bulala.

Da farko yara dariya suke yi, amma bulala ta koya musu abin ba wasa ba ne. Sannu a hankali suka ƙware. Mai wucewa ta titi sai ya ji karatu na tashi, ya ce kai, makarantar nan ana aiki. Amma da zai shigo ya bi baranda ya leƙa ta taga, da tsigar jikinsa ta tashi. Yara ne jere, idanunsu kafe a wuri guda a gaban allo, daidai inda mutum zai tsaya. Su yi tsit suna sauraro. Wani ma har yana gyaɗa kai. Can sai su amsa, “Mun gane, malam.” Kuma ba kowa a wurin.

Ɗakin shan magani ma ya yi masa tasa dabarar. Ya sa aka wanke labule aka rataya, aka bar fanka tana juyawa, aka rataye farar rigar tsohuwar nas a jikin ƙusa inda za a hango ta daga waje. Makullin yana aljihunsa.

Ranar da masu duba makarantu za su zo kuwa, sai ya yi aron mutane. Ɗan wansa mai gyaran waya, da wani maƙwabcinsa da ya gama karatu bai samu aiki ba, da abokan waɗannan, kowa a sa masa riga mai kyau a ba shi alli, a tsayar da shi gaban allo. Umarninsa gare su shi ne su rubuta abin da ya ba su, kada su yi doguwar magana. Farar rigar nan kuma ƙanwar matarsa yake sa wa. Ita tela ce, ɗinkin kayan mata take yi, abin da ta sani na allura bai wuce ta keke ba. A gidansa ta girma, tana ce masa Yaya, tana kuma tsoronsa fiye da yadda take tsoron mahaifinta.

Ranar farko ta ce, “Yaya, in aka kawo mini mara lafiya fa? Ni ko jini na gani jiri nake ji.”

Ya yi dariya ya ce, “Ke da kike auna mutane kullum? Saurara. Ko wa aka kawo, ki kwantar da shi, ki rufe ƙofa, ki ce yana buƙatar hutu. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya a kai. Kin ji ko?”

Ta ce ta ji. Masu dubawa suka zo, suka zagaya, suka ga kowane aji da malaminsa, ɗakin magani da nas ɗinsa, suka koma suka ce wannan makaranta ba ta buƙatar kowa.

Akwai wata yarinya a ɗaya daga azuzuwan ƙarshen baranda, 'yar wani kafinta. Tana da ciwon asma. Ba mai hayaniya ba ce, irin yaran nan ne da sai an kira suna ake tuna suna nan. Wata rana da hantsi, ana tsakiyar karatun nan na ba malami, ciwon ya taso mata. Ta laluba jakarta, abin shaƙarta ya ƙare. Ta kama hannun ta kusa da ita. Ita kuma ta dubi monita, monita ya dubi ƙofa, ya tuna bulala, ya ce a bari a kai ƙarshen darasi. Yarinyar ta kifa kanta a kan benci, ƙirjinta na fito. Yara suka ɗaga murya don su danne sautin, wasu suna karatu hawaye na zuba. Suka yi shiru na sauraro. Suka amsa, “Mun gane, malam.”

Da aka kaɗa ƙararrawar tara, suka ɗauke ta da gudu zuwa ɗakin magani. Ƙofa a kulle, fanka na juyawa a ciki, farar riga na lilo a jikin ƙusa. Kafin a nemo Shugaba, kafin a samo mota, rai ya yi halinsa.

Kada ku ce bai ji zafi ba. Ya ji, har ya kasa cin abinci. Amma da ya je gaisuwa gidan kafinta, ya ga mutane zaune, ya ga uban yarinyar ya zuba masa ido, sai tsohon ciwonsa ya motsa. Ya ce, “Malaminsu na ganin haka ya ɗauko ta. Nas ɗinmu ta yi iya ƙoƙarinta, a hannunta ta cika. Kwana ne ya ƙare.”

Kafinta ya share ido ya ce, “Alhamdu lillahi. Abin da ke ci na ke nan, ko ta tafi ba kowa a kanta. Tunda an kula da ita, na gode. Allah ya saka da alheri.”

Yaran ajin kuma aka tara su aka ja musu kunne. Su ma gani suke laifinsu ne, don haka ko a gida ba wanda ya buɗe baki.

Tun daga nan makarantar ta canja wa mutumin nan. In ya bi baranda ya iso ajin ƙarshe, sai ya ga yara sun matse juna sun bar wurin yarinyar fili, duk da cunkoson da ake ciki. Ya ce a cike wurin, aka cike. Washegari ya dawo ya tarar da shi fili. Kuma duk lokacin da suka yi shirun nan na sauraro, yakan ji wani siririn sauti a ƙarƙashin shirun, kamar iska na bi ta ƙaramar kafa. Ya tambayi monita wane ne ke fito a aji. Monita ya ce ba kowa.

Wata ranar hutun mako ya zo ofis da rana tsaka don ya rage aiki. Makaranta ba kowa, azuzuwa a rufe, rana ta take fili. Yana zaune sai ya ji karatu ya tashi daga ƙarshen baranda. Ya ajiye biro. Karatun ya tsaya, aka yi shiru daidai tsawon da aka saba, sannan aka amsa. Ya fito ya taka har can, ya leƙa ta taga. Benci ne kawai da ƙura. A hanyarsa ta dawowa ya wuce ɗakin magani, ya ji fanka na juyawa, alhali ya tabbata da hannunsa ya kashe ta.

Ban ce muku aljanu ba ne, ya 'yan uwa, ban kuma ce ba su ba ne. Abin da na sani shi ne, Ubangiji ba ya kama bawa sai ya yi ta taɓa shi tukuna, ko zai farka. Wannan mutum an taɓa shi. Barci ya ƙaurace masa, ciwon kai ya zauna masa a ƙeya, matarsa ta yi ta fama ya je a auna jininsa. Ya ce mata shi lafiyarsa ƙalau.

Ana nan sai labari ya zo cewa manyan masu dubawa za su zo, kuma daga wannan zuwan za a zaɓi wanda za a ɗaga zuwa babban ofis. Mataimaki ya sake samunsa.

“Ranka ya daɗe, yarinyar nan tana wuyanmu. Ga dama Allah ya kawo har gida. Ka bar su su ga azuzuwan yadda suke. In kai ba za ka iya ba, ni zan faɗa, ko da kora ce.”

Wallahi a wannan lokacin ƙofar tuba a buɗe take, kuma Shugaba ya gan ta. Sai ya tuna kujerar babban ofis. Ya ce, “Zan duba.” Da ranar ta zo, tun da sassafe ya aiki dattijon wani gari karɓo kayan jarrabawa, aiken da ya san ba zai dawo ba sai an kusa tashi.

Ranar nan makarantar ta yi kyau kamar amarya. An share fili, an shafa wa duwatsu farin fenti, malaman aro kowa na gaban allonsa, tela na ɗakin magani cikin farar riga. Motar baƙi ta shigo ta tsaya a inuwa. Babbansu mutum ne mai fara'a da ladabi. Shugaba na gaba yana nuna musu nan da can, bakinsa har kunne.

Suna isa tsakiyar fili, yana cikin magana, sai ya ji harshensa ya yi nauyi. Kalmar da ya ɗauko ta narke masa a baki. Hannunsa na dama ya saki fayil ɗin da yake riƙe da shi. Ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, ya sulale ƙasa.

Direban baƙi ya taso da sauri ya ce, “A sa shi a mota, asibiti ba nisa.”

Babban mai dubawa ya ce, “Tsaya, kada mu yi gaggawa mu ƙara masa. Ai akwai nas a nan. A kai mata shi, ita ta san abin da ya dace. In na asibiti ne za ta faɗa.”

Mutumin nan yana kwance yana jin komai. Idonsa biyu, hankalinsa garau. Ya tattara duk ƙarfinsa ya ce, ba nas ba ce, tela ce, ku kai ni asibiti. Abin da ya fito daga bakinsa gurnani ne da miyau. Manyan ɗalibai suka ɗauke shi, yana ganin motar tana nisa da shi, suka shigar da shi ɗakin suka kwantar a kan gado.

Tela ta tsaya a gefen gadon. Baƙi sun cika bakin ƙofa suna jiran ta bakinta. Ta dubi Yayanta, ta dubi baƙi, sai ta faɗi abin da aka koya mata. “Yana buƙatar hutu.” Ta rufe ƙofa.

Daga waje ya ji babban baƙon na cewa, “Kun ga amfanin makaranta mai cikakkun ma'aikata ke nan. Mu ci gaba da aikinmu kafin ya farfaɗo.” Takunsu ya yi nisa.

Ta durƙusa a gefen gadon tana raɗa. “Yaya. Yaya, ka tashi don Allah. Ni ban san abin da zan yi ba. In faɗa musu? In ka ce in faɗa, yanzu zan fita in faɗa.”

Ya zuba mata ido, yana roƙonta da duk abin da ya rage masa. Amma ciwon ya riga ya shanye masa ɓari ɗaya na fuska. Ido ɗaya ya ƙanƙance, baki ya karkace. Kallon nan ne da ta sani tun tana yarinya, wanda in an yi maka shi ka yi shiru.

Ta ja da baya ta ce, “Yi haƙuri, Yaya. Ba zan faɗa ba. Wallahi ba zan tona maka asiri ba.” Ta jiƙa tsumma ta ɗora masa a goshi, ta zauna tana kuka ƙasa-ƙasa.

To sauran malamai na gaskiya fa, za ku ce, ai sun san ba nas ba ce? Sun sani. Labari ya kai musu har azuzuwa. Wani daga cikinsu ya zo har bakin ɗakin, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ga baƙi suna tahowa ta baranda. Sai ya tuna matashin nan da aka jefa ƙauye. Ya ce a ransa, wataƙila jiri ne kawai, in ya miƙe ya tarar ni na fasa ƙwai a gaban manya, ina zan sa kaina? Ya sauke hannu ya koma aji. Kowa ya bar wa wani. Malaman aro kuwa an ce kada su motsa daga gaban allo, ba su motsa ba.

Haka ya kwanta, fanka na juyawa a kansa, hasken taga na tafiya a jikin bango. Yana jin hannunsa na sanyi, yana jin ƙafarsa tana zama ba tasa ba. Ta bayan bango karatu na tashi, aji bayan aji, ya fi na kullum daɗi. A cikin shirun da ke tsakani ya ji siririn fiton nan, kusa ƙwarai, kamar a kan gadon. Ya daɗe yana sauraro kafin ya gane daga maƙogwaronsa yake fitowa. A nan ya san abin da yarinyar ta ji, tana tsakiyar mutane tana neman mutum ɗaya.

Sau biyu baƙi suka aiko a tambayi jiki. Sau biyu tela ta buɗe ƙofa kaɗan ta ce yana buƙatar hutu. Suka gama, suka bar saƙon gaisuwa da yabo, motarsu ta fita.

Sai da aka kusa tashi mataimaki ya dawo. Yana jin an ce Shugaba na wajen nas, ya yar da kayan da ke hannunsa ya ruga, dattijo da shi. Shi ya tare mota a titi. A asibiti likita ya duba, ya tambayi tun yaushe, da aka faɗa masa sai ya girgiza kai. Ya ce irin wannan ciwo da lokaci ake tsere, kuma lokacin ya wuce tun da hantsi.

Bai mutu ba, ya 'yan uwa. An dawo da shi gida ɓari ɗaya a mace, harshe a ɗaure, hannun rubutu ya tafi, na hagun kuma rawa yake yi ko cokali ba ya riƙewa. Maganar nas ta aro ta kai kunnen na sama, amma tona ta tonon kansu ne, tunda su suka yi ta yabo. Aka rufe ta ruf. Aka ce ya yi ritaya saboda rashin lafiya, aka kawo wani. 'Yan dubiya suka yi zuwan farko, suka yi na biyu, ƙafa ta ɗauke.

Mutum ɗaya ne bai ɗauke ƙafa ba. Wata safiya aka yi sallama, sai ga kafinta ɗauke da kujera a ka. Ya ji an ce Shugaba ba ya iya zama sai an tokare shi da filo, shi ne ya zauna ya ƙera masa kujera ta musamman, da madogara a ɓangaren da ya mutu, da wurin ɗora ƙafa. Ya goge ta sumul. Matar gidan ta ce nawa za a ba shi, ya ce, “Haba, Hajiya. Mutumin da ya sa aka tsaya a kan 'yata har ta cika? Ai shi ke bi na bashi.”

Da hannunsa ya ɗaga shi ya zaunar, ya gyara masa kafaɗa. Mutumin nan ya dubi kafinta, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Yana so ya ce ƙarya na yi maka, ba kowa a kanta, ni na kulle ƙofar, ka yafe mini. Bakinsa ya yi ta motsi, miyau ya zubo, hawaye suka bi.

Matarsa ta goge masa baki ta ce, “Godiya yake yi maka.”

Kafinta ya ce, “Ba komai, ranka ya daɗe. Kada ka wahalar da kanka.”

Ya ci gaba da zuwa lokaci-lokaci, ya duba ko ƙusa ta saki, ya zauna ya yi masa addu'a. Kowane zuwa mutumin nan sai ya gwada, kuma kowane zuwa sai a ce godiya yake yi. Shekaru ya yi a kan kujerar nan. A kanta aka tarar da shi wata rana da azahar, ya cika, bakinsa a buɗe.

Ya 'yan uwa, laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka, ko a zuci ka tuba yana ji. Amma haƙƙin bawa sai ka je ka faɗa wa mai shi, ya yafe ko ya ƙi. Wannan mutum an ba shi harshe shekara da shekaru, ya yi ta gyara sunansa da shi. Ranar da ya so ya gyara lahirarsa da shi, an karɓe.

Kada wani ya ce ai ni ba shugaban makaranta ba ne. Wa aka ba ka riƙo? Kai mai gida, kai mai shago da yara a ƙarƙashinka, ke mai kula da marasa lafiya, kai da ke ofis ana kawo maka rahoto mai daɗi kana sa hannu ba ka taka ka gani ba. In abin da ke hannunka ya fi ƙarfinka, faɗin haka ba gazawa ba ce, amana ce ka sauke. Kuma in ka mai da na ƙasa da kai masu tsoron faɗa maka gaskiya, ka sani akwai ranar da rayuwarka za ta rataya a bakin ɗayansu. Ku kuma iyaye, ku daina tsayawa a bayan katanga kuna jin karatu kuna murna. Ku shiga ku leƙa, ku tambayi ɗanku wa ya koyar da shi yau, kuma in ya faɗi wa zai ɗaga shi.

Wanda ya san akwai maganar da wani ke bin sa, kada ya kai ta gobe. Yanzu harshenka na motsi, ka tashi daga nan ka je ka faɗa.

Ya Allah, ka tsare mu daga son yabon da ba namu ba. Ka jiƙan yaran da aka ba mu amana muka yi sakaci da su. Kada ka ɗaure harsunanmu alhali da sauran haƙƙin wani a bakinmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu, ya sa mu cika da gaskiya. Amin.